Waiwaye: yadda manhajojin karanta hasken taurari suka iso hannun masu sha'awa

Tun 1814, lokacin da Joseph Fraunhofer ya lissafa baƙaƙen layukan da ke cikin bakan hasken rana, wato launukan da hasken ke warwatsuwa zuwa gare su kamar bakan gizo, aka fara lura cewa haske yana ɗauke da labarin abin da ya fito daga gare shi. Kirchhoff da Bunsen suka nuna a wajajen 1860 cewa kowane sinadari yana da nasa layukan. Amma fiye da shekara ɗari yawancin aikin yana hannun manyan cibiyoyin bincike. Ko da kwamfuta ta zo, manhajojin farko irin su IRAF ta Amurka da MIDAS ta Turai an yi su ne don ƙwararru: komai sai an rubuta umarni, kuskuren harafi ɗaya ya tsayar da aiki.

Masu yi don sha'awa a Faransa ne suka buɗe ƙofar. Christian Buil ya rubuta IRIS don gyaran hotunan sama, Valérie Desnoux ta rubuta Visual Spec don auna bakan da aka riga aka ciro. A 2003 ƙwararru da 'yan sa-kai suka hadu a tsibirin Oléron, kuma daga wannan zama aka samu na'urar Lhires III da rumbun BeSS, inda ake tara bakan taurarin da ake kira Be, wato taurari masu tsananin zafi da wasu layukan bakansu ke haskawa maimakon su yi duhu. Rumbun ne ya sauya komai, domin ya shimfiɗa sharaɗi: fayil ya zama FITS, tsarin fayil na masana taurari, ɗauke da lokacin ɗauka, wuri da kayan aiki. Daga nan manhajoji da yawa suka koma bin wannan ma'auni.

Shi ya sa zaɓin manhaja yau yake bin na'urar da ke hannunka. Wanda ya fara da Star Analyser 100, wato gilashin da aka zana wa layuka 100 a kowace milimita, ana ɗaura shi gaban kyamara, RSpec ta Tom Field za ta nuna masa zanen bakan nan take yana juya fokas. Ta kuɗi ce, kuma biyan dala daga Birnin Kebbi ba ƙaramin aiki ba ne. BASS ta John Paraskeva kyauta ce, tana yin kusan duk abin da mai farawa yake bukata, sai dai tana son haƙuri. Mai na'ura mai tsaga, wato siririyar kafa da hasken tauraro ɗaya ke shiga ta cikinta, kamar Alpy 600, Demetra ta kamfanin Shelyak za ta ja shi mataki-mataki. ISIS ta Buil (sunan ba shi da alaƙa da waccan ƙungiya, amma a haɗa da sunan Buil wajen nema a intanet) ita ce ta daɗe tana riƙe da masu tura sakamako rumbu, kafin specINTI ta biyo baya. Yawancinsu Windows suke so. Mai Linux ya fi samun sauƙi da harshen Python da kunshinsa na aikin taurari, astropy.

Duk wadda aka ɗauka, aikin ɗaya ne, kuma wuraren tuntuɓe sanannu ne. Kada a ɗauki hoto a JPEG, domin matsa fayil yana shafe ƙananan layuka. A ɗauki hotunan duhu, murfi a rufe, tsawon lokaci ɗaya da zafi ɗaya da na ainihin hoton, kamar guda 20. A nan Kebbi wannan ba wasa ba ne: a watan Afrilu kyamarar da ba ta da sanyaya tana cika da ɗigon ƙarya, kuma hoton duhun da aka ɗauka da asuba ba zai gyara na bayan isha'i ba. Sannan a miƙar da bakan ya kwanta daidai, a zaɓi siririn yankin da za a tara, a cire hasken sama daga gefe biyu.

Sai awo. Da Star Analyser, a ninka girman fiksel da 10,000, a raba da yawan layuka sau nisan gilashi daga firikwensin kyamara. Fiksel mai maikiron 3.75 a nisan milimita 40 yana ba da kusan angstrom 9.4 a kowane fiksel (angstrom shi ne ma'aunin tsawon zangon haske, da shi ake lamba wa layuka). Ke nan layin haidurojin na 4861 zai faɗo kusan fiksel 518 daga ɗigon tauraron. In ba a same shi a can ba, wataƙila an kama layin haidurojin na 4340 ne aka ɗauka shi ne, kuma duk awon ya karkace. Akwai kuma wani babban rami kusa da 7600 wanda sababbi suke murna da shi, alhali iskar oksijin ce ta sararinmu. Fokas kuwa a kan layukan ake yin sa. In ɗigon tauraron ya yi tsaf, galibi bakan ya dushe.

Inda hunturu ke shiga shi ne gyaran martanin na'ura, wato yadda take kama wasu launuka fiye da wasu. Ana ɗaukar tauraro sananne, a raba bakansa da wanda ke cikin MILES ko Pickles, ma'ajiyoyin bakan taurari da ƙwararru suka auna, a samu lanƙwasar da za a gyara sauran da ita. Littattafan Turai Vega suke ambata, amma da yamma Vega tana samanmu ne a damina, lokacin hadari. Daga Janairu zuwa Maris Sirius ce a hannu, tana hawa kusan digiri 60. Ƙurar hunturu tana cin shuɗin haske fiye da ja, kuma cin yana ƙaruwa in tauraro ya yi ƙasa. Saboda haka tauraron gwaji ya kasance a tsayi ɗaya da wanda ake nema, a ɗauke su cikin rabin awa. Babu manhajar da ke gane an saɓa wannan. Za ta fitar da zane mai kyan gani wanda gefen shuɗinsa ya nutse. A gefen fadamar Argungu raɓa ma tana sauka kan gilashi bayan tsakar dare ta yi irin wannan ɓarna.

Abin gwaji na farko yana saman kowane gida a wannan lokaci: Kaza da 'Ya'yanta. Pleione, ɗaya daga cikinsu, tauraron Be ne, kuma layinsa na haidurojin a 6563 yakan tashi sama maimakon ya nutse. Star Analyser yana wahala a nan saboda bakan maƙwabta suna hawa kan juna, sai an juya gilashin har layin Pleione ya bi ta fili. Mai tsaga ba shi da wannan matsala, kuma fayil ɗinsa, in bayanan da ke saman fayil ɗin sun cika, irin wanda BeSS ke karɓa ne.