Wai menene cekarin a ƙotar wuƙa?

Cekarin da ake yawan ji a bakin masu haɗa wuƙa da hannu, shi ne tsagar nan da ake yi wa ƙota, layuka su riƙa gitta juna har su fitar da ƴan ƙananan tudu masu siffar daimon. Da yawa ɗauka suke ado ne, alhali don riƙo ake yi, saboda hannu in ya yi gumi ko ya sha maiƙo, ƙota mai sulɓi zamewa take, kuma in ta zame, kan kaifi yatsu suke tafiya.

Asali aikin masu ƙotar bindiga ne, daga wajensu masu wuƙa suka ara, har yadda ake ƙirga shi da layi nawa ne a inci ɗaya. Galibi tsakanin 18 zuwa 24 ake yi, in layukan sun yi kusa da juna sosai ya fi kyan gani amma riƙon ya ragu.

Aikin kuwa na haƙuri ne wallahi. Layi biyu ake fara ja masu gitta juna, su ne jagora, sai a ɗauko wani ɗan magagari mai jeren haƙora biyu, ɗaya yana bin ramin da aka riga aka tsaga ɗayan yana buɗe sabo a gefensa, haka za a yi ta bi a hankali ana komawa ana zurfafawa har tudun su yi tsini, toh in layin farko ya karkace shikenan sauran duk sun bi shi. Kuma sai ice mai tauri, irin su kanya ko ƙirya, mai laushi marmashewa yake. Akwai wanda ya fi sauƙi, a yi ta ɗiga ƴan ramuka kusa da kusa da bakin ƙarfe, ba ruwanka da miƙewar layi.

Masu yin ƙota da Micarta, wato yadi ko takarda da aka danne da gam, su ba sai sun tsaga ba, a samfefa mai kaushi kawai suke tsayawa. G10 kuma, shi ma da ake ƙota da shi, zaren gilas ne da aka danne da gam, ƙurarsa in ana goge shi tana illa ga huhu, sai da takunkumi.

Ni dai ban ga amfanin cekarin mai zurfi a wuƙar mahauci ba. Jini da kitse shiga ramukan suke su maƙale, wankewa ta zama aiki, sannan wanda zai wuni yana fiɗa da ita tudu masu tsini tafin hannu suke ci masa. Shi ya sa wasu in sun gama suke ɗan goge kan tudun. Wuƙar daji ko ta kamun kifi ita ta fi buƙata.

Dukawan mu kuma da fata suke maganin abin, su naɗe ƙotar tam, ɗinkin da gaɓoɓin naɗin su ne ke riƙe hannu, sai dai fata ba ta son yawan jiƙa.