Manhajojin ɗauka, juyawa da matse allon rubutu a zamanin DOS

Manhajojin allon rubutu ƙananan manhajoji ne da aka yi amfani da su a kwamfutocin IBM PC da makamantansu masu aiki da DOS, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a wancan lokaci, tun daga farkon shekarun 1980 har zuwa tsakiyar shekarun 1990. Aikinsu iri uku ne: su kwafi abin da ke kan allo a daidai lokacin da mai kwamfuta ya so, su juya shi zuwa wani tsarin fayil, su kuma rage girmansa don ya shige faifai ko ya bi layin waya da sauri. Masu rubuta littafin jagorar manhaja, masu shirya nunin talla, masu rubuta wasanni da masu zanen haruffa su ne suka fi dogara da su.

Yadda allon yake a ƙwaƙwalwar kwamfuta

Kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta PC a watan Agusta na 1981 da katin nuni iri biyu: MDA mai launi ɗaya da CGA mai launuka. Dukansu suna nuna rubutu a layi 25, kowane layi da gurbi 80, jimilla gurbi 2,000. Kowane gurbi yana cin bayit biyu (bayit ma'aunin bayanai ne mai bit takwas, bit kuma ko dai 0 ne ko 1). Na farko lambar harafin ce, daga cikin alamomi 256 na jerin da ake kira shafin lamba 437. Na biyu kuma shi ke riƙe da kamannin harafin. A katin launi, akwai bit huɗu na launin harafi, wato launi 16, bit uku na launin bango, wato launi 8, sai bit ɗaya da ke sa harafi ya riƙa ƙyaftawa. Ke nan allo guda cikakke bayit 4,000 ne, ba ƙari ba ragi.

Wurin da bayit ɗin suke ma sananne ne. A katin MDA suna farawa daga sashen ƙwaƙwalwa mai adireshi B000, a CGA da katunan da suka biyo baya kuma daga B800. DOS ba ta hana kowace manhaja leƙa wannan wuri, saboda haka ɗaukar allon rubutu ba hoto ake ɗauka ba. Kwafar bayit 4,000 ce kawai daga wani adireshi zuwa wani. Katin EGA na 1984 ya kawo layi 43, VGA na 1987 ya kai 50, wanda ya ninka girman zuwa bayit 8,000, amma tsarin bai sauya ba.

Shafin lamba 437 ya ƙunshi alamomin zana akwati, masu layi ɗaya da masu layi biyu, da tubala masu inuwa iri-iri. Da su aka riƙa gina jerin zaɓi, tagogi da tambura. Babu ƙ, ɗ ko ɓ a cikinsa, kamar yadda babu haruffan harsuna da dama.

Ɗauka

Hanya mafi tsufa ita ce maɓallin PrtSc, wanda ke kiran wani aiki a cikin BIOS, manhajar da aka dasa a jikin kwamfutar, ya aika rubutun allo zuwa na'urar buga takardu. Launi ba ya zuwa, kuma idan na'urar ba ta san alamomin akwati ba sai ta buga wasu haruffa dabam a madadinsu. Masu rubuta shiri, wato manhaja, da harshen BASIC suna da umarnin BSAVE, wanda ke ajiye wani yanki na ƙwaƙwalwa a fayil tare da ɗan bayani mai bayit 7 a farkonsa, da BLOAD da ke mayar da shi. Wannan ya wadatar idan allon naka ne. Matsalar ita ce ɗaukar allon manhajar wani, domin DOS manhaja ɗaya take gudanarwa a lokaci guda, kuma da zarar ka fita daga cikinta allon ya tafi.

Maganin shi ne manhaja mai laɓewa, wadda aka sani da TSR. Ana loda ta, sai ta nuna kamar ta gama aiki alhali tana nan zaune a ƙwaƙwalwa, ta saƙala kanta a hanyar da saƙon madannai ke bi. Idan aka danna wasu maɓallai da aka ware mata, sai ta farka, ta kwafi allo, ta koma ta yi lamo. Sidekick na kamfanin Borland, wanda ya fito a 1984, shi ya yayata wannan dabara, ko da yake shi kayan ofis ne na rubuta 'yan bayanai da lissafi.

A nan wahalar take. Ba a gina DOS don a shigo mata tana tsakiyar wani aiki ba. Idan manhajar laɓe ta nemi rubuta fayil a lokacin da DOS ke karanta faifai, kwamfuta na iya sandarewa, wani lokaci ma fayiloli su lalace. Dole ne ta duba wata alama a cikin DOS da ke nuna ko tana cikin aiki, ta jira har ta sami sarari. Microsoft ba ta bayyana wannan alama a takardunta na farko ba. Masu shiri ne suka tono ta suka riƙa sanar da juna. Manhajar da aka rubuta da kyau takan kwafi allon nan take zuwa wani wuri a ƙwaƙwalwa, ta jinkirta rubutawa a faifai. Akwai kuma matsalar katin CGA na asali: taɓa ƙwaƙwalwar nuni yayin da ake zana allo yana jawo ɗige-ɗigen fari su watsu a kai, sai an jira ɗan lokacin da hasken zane ke komawa baya kafin a karanta. Ga kuma rikicin manhajojin laɓe da junansu, kowace tana son ta riga sauran jin madannai. Ba abin mamaki ba ne a ga takardar jagora tana cewa a loda wannan manhaja a ƙarshe, wata ma ta faɗi haka game da kanta.

Cikin sanannun kayan kasuwa akwai HiJaak na kamfanin Inset Systems, mai ɗauka da juyawa tsakanin tsare-tsare masu yawa, da Demo Program na Dan Bricklin, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1980 don jera allunan da aka ɗauka su yi kama da manhaja mai aiki.

Juyawa

Fayil mafi sauƙi shi ne ɗanyen kwafi mai bayit 4,000, wanda galibi ake sa wa .BIN. Ba ya asarar komai, amma ba a iya nuna shi da TYPE, umarnin DOS na nuna abin da ke cikin fayil, sai da manhajar da za ta mayar da shi ƙwaƙwalwar nuni. Idan aka zubar da bayit ɗin launi aka bar haruffa, an sami rubutu zalla da kowace manhajar rubutu za ta buɗe.

Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne ANSI. Tun DOS 2.0 ta 1983 akwai ƙaramar manhajar ANSI.SYS, mai fahimtar umarnin da ke farawa da alamar ESC, bisa ƙa'idar X3.64 ta 1979. Manhajar juyawa tana bin allo gurbi-gurbi, duk inda launi ya sauya sai ta saka umarni. Aikin yana da tarko. Jerin launukan ANSI ya saɓa da na PC: shuɗi lamba 1 ne a PC amma 4 a ANSI, ja kuma akasin haka. Wasu lambobi suna da siffa a allo, amma idan aka aika su a matsayin rubutu sai su zama umarni, kamar 7 mai kaɗa ƙararrawa da 26 mai nuna ƙarshen fayil. Rubuta harafi a gurbin ƙarshe na ƙasan dama kuma yana tura allon gaba ɗaya sama da layi guda. ANSI.SYS yana kuma ba da damar sauya aikin maɓallai, abin da wasu suka yi amfani da shi wajen ɓoye mugun umarni a cikin zane.

TheDraw, wanda Ian E. Davis ya fitar a 1986, ya haɗa zane da juyawa wuri guda. Yana ajiye allo a matsayin ANSI, rubutu zalla, ɗanyen kwafi, BSAVE, ko jerin lambobi da za a liƙa kai tsaye cikin shiri na Pascal, C ko harshen inji. Wannan na ƙarshe ya sauƙaƙa wa masu shiri ƙwarai: a zana allo da ido, a juya shi, a haɗa shi da manhaja. Wasan Doom na 1993 ma yana ɗauke da irin wannan ɗanyen allo mai bayit 4,000, mai suna ENDOOM, wanda ke bayyana idan aka fita daga wasan.

Matsewa

Bayit 4,000 ba su da yawa a idon yau. Amma faifai mai kilobayit 360 bai kai ya ɗauki allo 90 ba, kuma modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin waya, mai gudun bit 1,200 a daƙiƙa yana kai kusan haruffa 120 ne a daƙiƙa, wato fiye da rabin minti kafin allo ɗaya ya cika. Masu kiran BBS, wato kwamfutocin da jama'a ke shiga ta layin waya don musayar saƙo da fayiloli, suna kallon zane yana saukowa layi-layi, kuɗin waya kuma yana tafiya.

Sa'ar da aka yi ita ce allon rubutu cike yake da maimaici: dogayen fili, layin akwati, launi ɗaya a faɗin sashe guda. Saboda haka dabarar ƙidaya maimaici, RLE, ta dace da shi. Maimakon a rubuta alama ɗaya sau 78, sai a rubuta ta sau ɗaya tare da adadi. ANSI ba shi da kyau a nan, domin umarnin sa harafi rawaya a bango shuɗi yana cin bayit 10, abin da PC ke faɗa da bayit ɗaya. Zane mai yawan sauyin launi yakan fi ɗanyen kwafinsa girma idan aka juya shi zuwa ANSI. Abin da ake iya yi shi ne tsallake fili da umarnin matsar da alamar rubutu, da yanke filin ƙarshen layi.

Tsarin AVATAR na George A. Stanislav, na 1988, ya rage wannan: bayit 3 na sauya launi, bayit 3 na maimaita harafi. TheDraw ma yana da nasa matsattsen tsari, tare da ɗan guntun shiri mai warware shi kai tsaye zuwa allo. Manyan manhajojin matsewa kamar ARC na 1985 da PKZIP na 1989 sun fi ƙarfi, amma sai an buɗe fayil ɗin kafin a gani, don haka aikinsu rarraba tarin zane ne.

Ƙungiyoyin masu zanen haruffa

A shekarun 1990 ƙungiyoyi irin su ACiD da iCE sun riƙa fitar da tarin zane duk wata. Sun mayar da bit ɗin ƙyaftawa ya zama hanyar samun launin bango 16, suna kuma zana abin da ya fi layi 25 tsawo nesa ba kusa ba. Ɗanyen fayil ba ya faɗin faɗinsa ko wanda ya zana shi, saboda haka Olivier Reubens na ACiD ya fito da SAUCE a 1994: bayit 128 da ake liƙawa a ƙarshen fayil, bayan alamar ƙarshe, ɗauke da suna, mai zane, kwanan wata da girma. A 1996 ya ƙara da XBin, wanda ke matse haruffa da launuka, tare ko a rarrabe, yana kuma ajiye siffar haruffa da jerin launuka a cikin fayil. Wannan ya toshe wata tsohuwar ɓaraka, domin katunan EGA da VGA suna barin manhaja ta sauya siffar haruffa, kuma allon da aka ɗauka daga irin wannan manhaja yakan fito a hargitse a wata kwamfutar.

Da Windows 95 ta yaɗu, intanet kuma ta janye jama'a daga BBS, buƙatar manhajojin laɓe ta ragu. Fayilolin sun saura da yawa. Ana buɗe su yau da PabloDraw, ana juya su zuwa hoton PNG da Ansilove, ko a gudanar da tsofaffin manhajojin kansu a cikin DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfutar DOS.