Ambaliya a Bauchi: wa doka ta ɗora wa nauyi, kuma daga ina kuɗin ke fitowa?

Duk lokacin da ruwa ya ci gari a Zaki ko Gamawa ko Jama'are, maganar da ake fara ji ita ce "NEMA ba ta zo ba." Amma idan aka duba doka, NEMA, wato hukumar agajin gaggawa ta ƙasa da ke Abuja, ba ita ce ta farkon zuwa ba. Nauyin yana farawa ne daga gida.

Dokar da ta kafa NEMA ta shekarar 1999 ce, kuma mataimakin shugaban ƙasa ne ke shugabantar majalisar gudanarwarta. Wannan doka ba ta tsaya a Abuja ba. Ta ce kowace jiha ta kasance da kwamitin agajin gaggawa ƙarƙashin mataimakin gwamna. Aikinsa ya sanar da NEMA duk wani bala'i da ya auku a jihar, ya kai ɗauki da kansa, sannan ya nemi taimakon tarayya idan ya ga abin ya fi ƙarfinsa. A aikace, hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA, ita ce ke ɗauke da wannan aiki. Tsarin kula da bala'o'i na ƙasa da ya biyo baya ya ƙara mataki na uku, wato kwamiti a kowace ƙaramar hukuma. Wannan matakin ne ya fi kusa da talaka, kuma shi ne aka fi bari ya mutu a takarda.

Sai batun kuɗi, wanda a ganina nan gizo ke saƙa. Akwai asusun kula da muhalli da aka kafa tun 1981 domin ambaliya da zaizayar ƙasa da kwararowar hamada. Daga kuɗin da ake rabawa duk wata a asusun tarayya, gwamnatin tarayya na samun kashi 1 cikin ɗari don wannan aiki, jihohi kashi 0.72, ƙananan hukumomi kashi 0.60. NEMA na karɓar kashi 20 cikin ɗari na kason tarayya. Ma'ana, jihar Bauchi da ƙananan hukumominta 20 suna da nasu rabon kowane wata, ko an yi ambaliya ko ba a yi ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana wallafa wannan rabo, kowa zai iya dubawa a intanet. Don haka idan kwalbatin unguwarku ta toshe da leda da yashi tun rani, ko magudanar da ke bayan kasuwa ta rufta ba wanda ya taɓa ta, kuna da hurumin tambayar kansila da ciyaman ina kason ya shiga. Ba roƙo ba ne, kuɗin jama'a ne da aka ware wa wannan aikin.

Gargaɗi ma ba ya zuwa a makare. A farkon kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina, hukumar lura da koguna da ruwan ƙasa, NIHSA, kuma ta biyo da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya ka iya shafa. Watanni ke nan kafin ruwan Agusta. A 2024 ruwa ya yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum, manyan motoci suka yi cirko-cirko, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta sanar da naira biliyan 3 ga kowace jiha saboda ambaliya. Abin da ya kamata hasashen NiMet da NIHSA ya haifar shi ne yashe magudanai, tanadin inda za a kwashe mutanen bakin kogi, da sanarwa a rediyo da masallatan Juma'a da harshen da manomi ke ji.

Akwai abu ɗaya da ke jawo ɓacin rai, gara a faɗe shi ƙarara. Dokar NEMA ba ta yi alkawarin biyan diyyar gida ko gona ba. Abin da ake kawowa tallafi ne: buhun shinkafa ko masara, tabarma, bargo, gidan sauro, wani lokaci kwanon rufi da siminti. Mutumin da ruwa ya kwashe masa hekta biyu ta shinkafa a fadamar Jama'are ba zai mayar da asararsa da wannan ba.

Ko wannan tallafin ma yana bin sunayen da aka rubuta ranar tantance ɓarna ne. Idan ruwa ya shiga, a sanar da mai unguwa nan take, ya kai wa dagaci da hakimi, maganar ta isa ƙaramar hukuma da SEMA. A ɗauki hoton ginin da ya faɗi da gonar da ta nutse kafin ruwa ya janye. Ranar da jami'ai suka zo, magidanci ya tsaya ya ga an rubuta sunansa da yawan iyalinsa da idonsa. A kuma tabbatar an sa zawarawa da tsofaffin da ba su da mai tsaya musu, domin su ne sunansu ya fi saurin ɓacewa daga takarda.