Cikin ƙuruciya

Cikin ƙuruciya shi ne juna biyun da yarinya ke ɗauka kafin ta cika shekara 20. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa 'yan mata kusan miliyan 21 masu shekara 15 zuwa 19 ne ke ɗaukar ciki duk shekara, kusan miliyan 12 daga cikinsu kuma suna haihuwa. Haɗarin ya fi tsanani ga wadda ba ta kai shekara 15 ba, domin ita kanta ba ta gama girma ba, ga ciki yana cin rabonsa a jininta da abincinta.

Babbar fargaba ita ce doguwar naƙuda. Idan ƙugu ya yi wa kan jariri kaɗan, sai kan ya tsaya yana danne mafitsara a jikin ƙashi, kwana biyu, kwana uku. Jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar kafa tsakanin mafitsara da farji. Wannan shi ne yoyon fitsari, kuma galibi jaririn ba ya zuwa da rai. A ƙasar Hausa kunyar cikin fari tana ƙara jinkiri: yarinya ta ƙule a ɗaki tana cije leɓe don kada a ce ta yi raki, kafin a nemo mota lokaci ya ƙure. Ciwon yana gyaruwa da tiyata. Likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya yi wa dubban mata aiki a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina tun daga shekarun 1980, akwai kuma cibiyar Danja kusa da Maraɗi.

Sai jijjiga, wadda hawan jinin ciki ke jawowa. Galibi tana yin sallama kafin ta shigo: kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi. Abin takaici, sau da yawa ana ɗaukarta iska ce, a tsaya hayaƙi, alhali gwajin hawan jini da na fitsari a wurin awon ciki kan gano ta da wuri.

Jaririn kuwa yakan zo bakwaini, wato kafin mako 37, ko nauyinsa ya gaza kilo biyu da rabi. Irin wannan sanyi na saurin kama shi, tsotson nono ma yana ba shi wuya, shi ya sa ma'aikatan jinya ke koya wa uwa ta ɗaure shi a ƙirjinta, fata da fata, dare da rana.