Kogwannin Dutsen Farar Ƙasa da Halittun Cikinsu

Kogon dutsen farar ƙasa rami ne da ruwa ya ci a cikin dutse sannu a hankali. Dutsen kuwa shi ne wanda ake ƙonawa a yi siminti, irin wanda ake haƙowa a Kalambaina kusa da Sakkwato. Asalinsa ɓawon halittun teku ne da laka mai alli da suka kwanta a ƙasan ruwa har suka sandare. Gane shi ba wuya: a kankare shi da wuƙa, a ɗiga ruwan lemon tsami a kan garin. In ya yi kumfa, to shi ne.

Yadda ruwa ke gina kogo

Ruwan sama yana ratsa ƙasa, ya kwashi iskar kabon (irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi) da saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye ke fitarwa, sai ya yi ɗan tsami. Wannan tsamin ne ke narkar da dutsen ta cikin tsagoginsa. Tsaga ta zama kwararo, kwararo ya zama hanyar rafi a ƙarƙashin ƙasa. Idan rafin ya sami wata hanya ta ƙasa, ya bar ta sama a bushe, kuma ita ce mutane ke shiga. Ruwan da ke ɗiga daga rufi yana ajiye allin da ya narkar, ya yi tsinke mai saukowa daga sama da wani mai tasowa daga ƙasa. Sau da yawa tsawon santimita 10 yana cin shekara 1,000, don haka wanda aka karya ya tafi ke nan.

Abu uku kogo babba ke nema: dutse mai kauri da tsabta, ruwan sama mai yawa, da tudun da zai ba ruwa gangara. A Mulu da ke Sarawak ta ƙasar Maleshiya duk ukun sun haɗu. Ruwan shekara ya haura milimita 4,000, kuma kogon Clearwater na can an auna fiye da kilomita 200 na hanyoyinsa. Kogon Son Doong na Biyetnam, wanda aka auna a 2009, akwai inda rufinsa ya kai kusan mita 200.

Ƙasarmu ba haka take ba. Dutsen Kalambaina ya kwanta ne a cikin wani tsohon teku kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, amma siriri ne, yana da laka, kuma ruwan saman yankin ba ya kai milimita 1,000 a shekara. Amfaninsa ya fi fitowa a siminti da ruwan rijiya. Kogwannin da ake gani a Kwatarkwashi da sauran duwatsun Zamfara na baƙin dutse ne mai tauri, wanda ruwa ba ya narkarwa. Gibi ne tsakanin manyan duwatsun da suka jingina da juna, shi ya sa ba su da zurfi. Mai son ganin ainihin dutsen da ruwa ya ci a Nijeriya sai ya nufi Mfamosing a jihar Kuros Riba.

Wa ke ciyar da duhu

Ba rana, ba tsiro. Duk abin da ke rayuwa a can ciki yana jiran abincin da aka shigo da shi daga waje, ko ta ambaliya mai ɗauke da ganye da itace, ko ta cikin jemage. A kogwannin ƙasashe masu zafi jemage ne uwa ma ba da mama. A kogon Deer na Mulu, jemagu miliyan 2 zuwa 3 ke fita da magariba su ci ƙwari, shaho na jiran su a bakin kogo, su dawo da asuba su zubar da kashi. Kashin nan yana taruwa ya yi tudu, kuma tudun ba ya zaune shiru: kyankyasai da buzuzu da tsutsotsi na tona shi dare da rana. A kogon Gomantong na Sabah, ita ma a Maleshiya, kyankyasai kan rufe ƙasa da bango, kuma ɗan jemagen da ya faɗo ba ya daɗewa ya zama ƙashi. Masu cin kashi su ma ana cin su. Gyare mai dogayen gashin baki, gizo-gizo, kunama, da shanshani mai dogayen ƙafafu suna farauta a bango. Akwai macijin da ke maƙalewa a dutse ya cafke jemage yana tashi.

Masana sun kasa waɗannan halittu kashi uku. Akwai baƙi masu kwana ciki su yi kiwo waje, kamar jemage, beguwa da mujiya. Akwai masu iya zama ciki ko waje, kamar kyankyaso da gyare. Na uku su ne 'yan gida na haƙiƙa, waɗanda ba sa rayuwa ko'ina sai cikin duhu: ba ido, ba launi, jiki fari fat, gaɓoɓin taɓawa sun yi tsawo, kuma suna jure yunwa ta watanni. Makahon kifin kogwannin Mbanza-Ngungu na Kongo, wanda aka bayyana wa masana a 1921, yana cikinsu. Irin waɗannan sukan kasance a tsauni ɗaya tak a duniya, saboda haka kamfanin siminti da ya cinye tsaunin ya shafe su gaba ɗaya.

Wasu sun fi ban mamaki. A kogwannin Abanda na Gabon akwai ƙananan kadoji masu cin jemage da gyare, waɗanda fatarsu ta koma ruwan goro saboda zama cikin ruwan kashin jemage. A tsibirin Borneo kuma wata irin tsattsewa ce ke gina sheƙa da yawunta a rufin kogo, tana gane hanya cikin duhu da ƙarar ƙyas-ƙyas da kunnen mutum ke ji. Sinawa na sayen sheƙar da tsada don miya, shi ya sa hukuma ta ƙayyade lokutan cire ta.

Shiga kogo

Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce kada a gaza mutum huɗu: in ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, biyu su fita neman taimako. Kowa ya riƙe fitila uku, ta goshi a kan hular kwano da biyu a jaka, da batir na canji a leda. Tocilar waya ba ta cikin lissafi. Ana buƙatar takalmin roba mai ƙasa kaushi, safar hannu, ruwan sha da abin rufe hanci na N95. A bar wa wani a gari sunan kogon da lokacin fitowa, da abin da zai yi in lokacin ya wuce. A kowace mararraba a waiwaya a dubi hanya, don kamanninta a komowa dabam ne da na shiga. Yawancin ɓata daga nan take farawa.

Ruwa ne babban makashi. Rafin da ya gina kogon bai sallama shi ba, kuma ruwan da aka yi a bayan tsauni yana iya cika hanya alhali bakin kogo rana ake yi. Ciyawa ko itace da suka maƙale a rufi shaida ce ta inda ruwa ke kaiwa. Ranar 23 ga Yuni 2018 yara 12 da mai horar da su suka shiga kogon Tham Luang a Tailan a farkon damina, ruwa ya toshe bayansu, ba a gama fito da su ba sai 10 ga Yuli. In an ga ruwa ya fara gurɓata ko ƙararsa ta ƙaru, a juya nan take.

Sai iska. Iskar kabon ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwanciya a ramuka inda ganye ko kashi ke ruɓewa. A sarari kusan kashi 0.04 cikin 100 ce. In ta kai kashi 3 mutum zai fara haki da ciwon kai, in ta haura 5 ana cikin haɗari. Dabarar masu haƙar rijiya ta zura fitilar ƙwai tana da amfani, don mutuwar wutar na nuna ba a shiga. Amma cin wutar ba tabbaci ba ne: tana iya ci alhali kabon ya riga ya yi yawa. Hakin da bai dace da wahalar tafiyar ba ya fi fitila gaskiya.

Cututtukan jemage sun shafi mutanenmu kai tsaye, ko da ba su taɓa ganin kogon farar ƙasa ba, domin jemage ba ya bambanta kogo da tsohon ramin zinariya ko rufin makarantar da aka daɗe ba a buɗe ba. Busasshen kashinsa na ɗauke da wata funfuna da ake shaƙa da ƙura. Bayan kwana 3 zuwa 17 sai zazzaɓi da tari, kuma ana yawan ɗaukar ta tarin fuka ne, don haka a gaya wa likita inda aka shiga. Manomin da zai kwashi kashin don taki ya fara yayyafa masa ruwa, ya rufe hanci. Cutar Marburg kuwa, zazzaɓi mai sa zubar jini, tana tare da jemagen kogo mai cin 'ya'yan itace. Ɓarkewarta a Durba ta Kongo daga 1998 zuwa 2000 ta faro ne daga masu haƙar zinariya a ramin da jemagu suka mamaye, ta kashe fiye da mutum 120. Ba a kama jemage da hannu, kuma korar su da hayaƙi tana watsa su ne zuwa wasu ramuka da gidaje. Wanda jemage ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya je asibiti a ranar don allurar rigakafin cutar haukan kare.