Tsofaffin baburan gudu da gyaransu a Kaduna

Tsofaffin baburan gudu su ne manyan baburan da aka ƙera domin sauri da iya shan kwana, waɗanda suka kwana biyu har kamfanoninsu suka daina yin irinsu. Ƙungiyoyin masu adana tsofaffin ababen hawa sukan sa iyaka a shekara 25 ko 30 kafin su shigar da babur wannan sahu. A Kaduna duk babban babur mai ruri ana ce masa fawa baik, sabo ne ko tsoho, amma makanikan da suka jima a sana'ar sun san bambancin tun daga ƙarar injin.

Asali

Har zuwa ƙarshen shekarun 1960 Ingila ce ke riƙe da kambun ƙera baburan gudu, da irin su Triumph Bonneville na 1959 da Norton Commando. A 1969 Honda ta fito da CB750 mai silinda huɗu a jere, da birkin faifai a gaba, da maɓallin tayarwa na lantarki, a farashin da ma'aikaci zai iya kaiwa. Daga nan kasuwa ta koma Japan. Kawasaki ta biyo da Z1 mai cc 903 a 1972, Yamaha ta kawo RD350 a 1973, ƙaramin babur mai hayaƙi wanda ke ƙona fetur tare da baƙin mai, ga shi da zafin nama fiye da girmansa. Suzuki GSX-R750 na 1985, mai firam ɗin alminiyam, shi ya buɗe zamanin baburan titi masu siffar na filin tsere.

Baburan da suka cika titunan Kaduna bayan kuɗin Udoji na 1975, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, yawanci ƙanana ne na zuwa aiki. Manyan na gudu sun fi shigowa a matsayin na hannu, ta Legas ko Kwatano, shi ya sa da wuya a sami wanda ba a taɓa taɓa masa inji ba.

Farfaɗowa

Aikin yakan fara ne da duba lambar firam da ta inji da takardun kwastan, domin babur marar takarda wahala ce aka saya da kuɗi. Sai a wargaza shi gaba ɗaya, kowane kusa da noti a ajiye shi da alama. Kusoshin tsofaffin baburan Japan suna da nasu ma'auni, sukundireban kasuwa yana cinye musu kai. Na Ingila na da kuwa da yawansu ba sa karɓar sifanan milimita.

Babban ciwon babur da ya daɗe a ajiye yana cikin tanki da kafireta. Fetur idan ya shekara yakan bushe ya zama ƙaro, ya toshe ƙananan ramukan da mai ke bi, tsatsar tanki kuma ta sauko ta ƙara. Inji mai silinda huɗu galibi kafireta huɗu gare shi, kuma wankewa kaɗai ba ta isa ba, sai an daidaita su su riƙa shaƙar iska daidai da juna. In ba haka ba babur zai tashi, amma zai yi ta rawa yana shan mai, ya mutu a duk inda aka saki totur. A nan ne ake gane gwani, don wannan aiki ne na ma'auni da kunne da haƙuri, kuma makanikin da ya saba da baburan acaɓa masu silinda ɗaya ba lallai ya taɓa yin sa ba.

Kasuwar Fanteka tana da babban rabo a wannan sana'a. Abin da ba a samu a shago, masu walda da masu injin tana sukan ƙera shi: bushi, maɗaurin salansa, ƙarfen ɗora ƙafa, har gyaran tankin da ya lotse. Amma fistin da ringi da bawul da kayan birki ba a yi musu dabara. Ana nemo na asali ko na kamfanonin da ke sake ƙera su, ko da za a jira wata biyu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da fenti. Babur yana ƙyalli, wayoyinsa na shekara arba'in sun rube a ƙarƙashin kujera, abin takaici ne ƙwarai ga wanda ya san darajarsa.

Kulawa

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar inji a Kaduna. Tana cika matatar iska, tana haɗuwa da man sarƙa ta zama kamar sanfefa, don haka a wannan lokaci ana yawaita wanke su. Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, damuwar ta koma kan wayoyi da tsatsa. Yawancin waɗannan injuna iska ce ke sanyaya su, tsayuwa cikin cunkoson Kasuwar Barci ko Kawo da zafin Afrilu tana gajiyar da baƙin mai da wuri. Man birki yana shan danshi, ana canza shi duk shekara biyu. Taya kuma tana tsufa ko ba a hau ta ba; lambobi huɗu da ke gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta.

Hawa

Injin waɗannan babura ya fi birkinsu ƙarfi, musamman na shekarun 1970. Ba su da na'urar hana taya kullewa, tayoyinsu sirara ne, ga nauyi: CB750 ya haura kilo 200. Mahayi sai ya bar tazara mai yawa, balle a hanyar Zariya inda tirela da keke napep da dabbobi ke raba titi ɗaya. Baburan Ingila da aka yi kafin 1975 giyarsu tana ƙafar dama, birkin baya a hagu, wanda ya saba da na Japan yakan rikice a farko. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano a Janairun 2009. Dokar jiha ma tana shafar masu wannan sha'awa: a Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta hana hawan babur na haya da na gida na tsawon wata uku saboda matsalar tsaro, babura da yawa suka koma ɗaki, kuma waɗanda aka ajiye da fetur a ciki sai da aka sake kwance musu kafireta.