Hanyar Great Ocean Road

Great Ocean Road hanyar mota ce mai bin gaɓar teku a jihar Victoria, kudu maso gabashin Ostireliya. Tsawonta kusan kilomita 243 ne, daga garin Torquay zuwa Allansford kusa da Warrnambool, kuma lambarta B100. Daga Melbourne zuwa Torquay tafiyar kimanin kilomita 100 ce.

Tarihi

Kafin a yi hanyar, garuruwan gaɓar nan kamar Lorne da Apollo Bay sai ta jirgin ruwa ko ta ƙananan hanyoyin daji ake isa gare su. A 1918, gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko, aka kafa gidauniya ƙarƙashin jagorancin Howard Hitchcock, magajin garin Geelong, domin samar wa sojojin da suka dawo aikin yi, tare da tunawa da waɗanda suka kwanta dama a fagen daga. An fara aiki a watan Satumba na 1919. Kimanin tsoffin sojoji 3,000 ne suka yi shi da diga da shebur da baro da nakiya, suna kwana a tantuna, ana biyan su sule goma da sisi a kan aikin awa takwas. A wasu wuraren jikin dutse suka sassaƙa, teku na tumbatsa a ƙarƙashinsu. An buɗe ɓangaren Eastern View zuwa Lorne a 1922, aka kammala har Apollo Bay a Nuwamban 1932. Hitchcock bai ga ranar ba, domin ya rasu 'yan watanni kafin buɗewar. An riƙa karɓar kuɗin hanya har 1936, lokacin da gwamnatin jiha ta karɓe ta. A 2011 aka saka ta cikin jerin kayan tarihin ƙasa, kuma ana ɗaukar ta abin tunawa da yaƙi mafi girma a duniya.

Wuraren ziyara

Mafi shahara su ne Twelve Apostles, wato Manzanni Goma Sha Biyu, dogayen duwatsun farar ƙasa da igiyar ruwa ta raba da gaɓa, wasu sun kai mita 45. Duk da sunan, ba su kai goma sha biyu ba, ɗaya ma ya rushe a Yulin 2005. Kusa da su akwai kwazazzabon Loch Ard, mai sunan jirgin ruwan da ya nutse a 1878 da mutum 54, biyu kawai suka tsira. Wani ɓangare na dutsen gaɓa mai siffar gada da ake kira London Bridge ya ɓalle a Janairun 1990, sai da helikwafta ya ɗauko mutum biyu da suka maƙale. Akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Cape Otway, wadda ta fara aiki a 1848, da dabbobin kowala a bishiyoyin Kennett River.

Tuƙi

A hannun hagu ake tuƙi, don haka wanda ya taso daga Torquay ya nufi yamma shi ne ke gefen teku, kuma ya fi sauƙin ratsewa wuraren kallo. Tsakanin Lorne da Apollo Bay kwanoni sun yi yawa, hanyar kuma ƙunci gare ta, mai tafiya a hankali ya shiga wuraren da aka keɓe ya ba na baya hanya. Zaftarewar ƙasa bayan ruwan sama da wutar daji a lokacin zafi, daga Disamba zuwa Fabrairu, kan sa a rufe wani ɓangare. Masu gaggawa kan koma Melbourne ta garin Colac.